Yoyon Baƙin Mai Bayan Ɗaurin Inji: Inda Gizo Ke Saƙar a Garejojin Zongon Kwatano

A cikin rigingimun da ke tashi tsakanin mai mota da bakanike, da wuya a sami mai zafin wadda yoyon baƙin mai ke haddasawa bayan an sauke inji. Mutum ya tara kuɗi, ya sayi ringi da metal da kwalin gaskit, ya haƙura da motarsa mako biyu ko uku. An ɗaure inji an tayar, ƙara ta yi daɗi, hayaƙi ya ɗauke. Kwana biyu da komawa gida sai ga baƙin tabo a ƙasa, daidai inda motar ta kwana. Idan ya koma gareji, amsar da zai ji ba ta wuce biyu: ko a ce masa, “Alhaji, sabon aiki ne, bari ya zauna,” ko a ce, “Ai kayan da ka sayo ne ba su da kyau.” Kowace daga cikinsu tana iya zama gaskiya. Matsalar ita ce yawanci ana faɗarta tun kafin a duba.

Zongon Kwatano, a Jamhuriyar Benin, wuri ne da wannan gardama ba ta ƙarewa. Unguwar tana kusa da tashar jiragen ruwa, kuma ta daɗe tana zama masaukin Hausawa da Zabarmawa da Dendawa, ’yan kasuwa da direbobin da ke jigila zuwa arewa. Ta wannan tasha ce tsofaffin motocin Turai da Amurka suka yi ta shigowa shekara da shekaru, da yawansu daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam, a jibge su a manyan filayen Sekanji da Ekpe a kan hanyar Seme, daga nan su wuce Najeriya da Nijar. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Mota irin wannan ta riga ta ci rabin rayuwarta kafin ta sauka daga jirgi.

Sai kuma kasuwar ta shiga wani hali. Daga 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 ta rufe iyakokin, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka datse gadar da ta haɗa Malanbil ta Benin da Gaya ta Nijar. Duk lokacin da ciniki ya ja baya, mai sauya mota sai ya koma lallaɓa wadda yake da ita, mai sayen inji sukutum kuma sai ya ce a kwance nasa a gyara. Aikin sauke inji ya ƙaru, kuɗin yin sa yadda ya kamata ya ragu. A tsakanin waɗannan biyun yoyo yake samun hanya.

Abin da ke tsare mai a cikin inji

Baƙin mai ba ya zaune wuri ɗaya. Famfo yana zuƙo shi daga kaskon da ke ƙasan inji, ya tura shi da ƙarfi ta cikin filta zuwa metal da kamshaf, sannan ya gangaro ya koma kasko. Idan inji ya yi zafi sai man ya tsinke, ya riƙa neman duk wata ’yar kafa. Abubuwa uku ne ke tare shi. Akwai gaskit, tsakanin ƙarafa biyu da ba sa motsi. Akwai gam, wanda injunan zamani da yawa suke zuwa da shi daga kamfani a madadin gaskit. Akwai kuma sil, zoben roba da ke rungume ƙarfe mai juyawa, kamar bakin karanshaf na gaba da na baya. Na huɗunsu ba ya tare mai da kansa, amma in ya lalace sauran ukun ba su da amfani: bututun da inji ke numfashi ta cikinsa.

Sauke inji yana nufin an ɓalle waɗannan shingaye duka an sake gina su da hannu, a fili, a kan yashi. Kwatano gari ne na rairayi da iskar teku mai gishiri, kuma garejoji da yawa rumfa ce kawai a bakin layi. Abin mamaki ba wai wasu injuna suna yoyo ba ne, a’a, yadda wasu gwanaye ke fitar da aiki a bushe a cikin wannan yanayi.

Wanki kafin sifana

Babban kuskure shi ne ɗaukar inda mai ya ɗiga a matsayin inda ya fito. Mai gangarowa yake yi, iskar tafiya da ta fanka kuma suna kora shi baya. Don haka ɗigon da aka gani a mahaɗar inji da giyabos yana iya zama daga can sama ya taso, daga bayan murfin bawul ko daga suwic ɗin mai. An sha sauke giyabos, aikin yini guda, a canja sil ɗin baya da ba shi da laifin komai, alhali mai laifin ɗan suwic ne da ake kwancewa cikin minti goma.

Bakaniken da ya san aikinsa yakan fara da tantance irin man. Na giya yana da wari mai hawa kai, na giyar otomatik yawanci ja ne, na inji kuwa bayan sabon ɗauri launin zuma gare shi. Sai ya sa a wanke injin tas, daga sama har ƙasa, a bar shi ya bushe. Daga nan ya aiki yaro ya sayo hodar jarirai, ya barbaɗa ta a duk mahaɗun da ake zargi har su yi fari fat. A tayar da mota, a bar ta ta yi zafi, ya sunkuya da tocila. Cikin kwata ɗaya na awa sai a ga wani siririn layi mai duhu ya keto farar hodar. Ya bi shi da ido zuwa sama har inda ya ƙare, ya ɗora yatsa ya ce, “Alhaji, zo ka gani da idonka.” Akwai wani ruwan launi da ake zubawa cikin mai, mai ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, amma hoda ta wadatar a mafi yawan lokuta. Idan a tsaye bai nuna ba, a zaga da motar a dawo, domin wani yoyon sai inji na aiki da ƙarfi yake bayyana.

A nan ne maganar “bari ya zauna” take da gurbi, amma ƙarami. Man da ya zube lokacin haɗa inji, da tsohon man da ya maƙale a lungunan ƙarfen ƙasa, suna iya ɗiga kwana ɗaya ko biyu. Gaskit ɗin kwali kuma yakan ɗan lafa bayan zafin farko, ya buƙaci a sake taɓa notinsa kaɗan. Amma ɗigon da ya dawo bayan an wanke inji an bushe shi ba zai warke da kansa ba.

Kafin a zargi manyan wurare, a duba ƙanana. Filtar mai: sau da yawa robar tsohuwar filta takan manne a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kanta, robobi biyu su haɗu, mai ya yi ta feshi. Notin juye mai: washarsa ta sau ɗaya ce, amma ana maimaita ta har ta baje. A injin 1ZZ na Corolla akwai wata ’yar robar zobe a jikin abin da ke ɗame sarƙar taimin, wadda ta yi suna wajen tsatsafo, kuma ana yawan ɗora laifinta a kan murfin taimin gaba ɗaya.

Fuskar ƙarfe da ƙarfin hannu

Gaskit ba ya gyara ƙarfen da ya karkace, kuma ba ya zama a kan datti. Guntun tsohon gaskit da bai kai farce ba, ko ƙwayar yashi, ko ɗan mai da aka bari a fuskar ƙarfe, ya isa ya buɗe hanya. Kankare fuskokin nan da wanke su aiki ne mai gundura, shi ya sa ake barin sa ga ƙaramin yaron gareji. A Benin yaro yakan yi shekaru a hannun maigidansa kafin a yaye shi, wasu ma har su zauna jarrabawar sana’a ta gwamnati da ake kira CQM. Amma a shekararsa ta farko, lokacin da bai san komai ba, shi ne ake miƙa wa guntun zarto a ce ya kankare kan silinda. A tsofaffin injuna masu bulok na baƙin ƙarfe, irin na Peugeot 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, ƙarfen yana jure wannan. Alminiyon injunan yanzu kuwa laushi gare shi, karta ɗaya ta zama magudanar mai.

Karkacewa ma ba a gane ta da ido. A injunan Toyota da dama, abin da kamfani ya yarda kan silinda ya karkace bai wuce milimita 0.05 ba, wato ƙasa da kaurin gashin kai. Injin da ya taɓa tafasa, dole a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo, in ya wuce ƙa’ida a kai shi wurin masu fiƙe ƙarfe.

Sai ɗaurin noti. Akwai tunanin da ya zauna a garejoji cewa in wuri na yoyo a ƙara ɗaure shi. Ƙananan notunan murfin bawul da na kaskon mai ba sa buƙatar fiye da ƙarfin ɗauri na kimanin Nm 10, abin da wuyan hannu kaɗai ke bayarwa. In an wuce haka, gaskit ya matse ya tsage, bakin kasko ya lanƙwashe a gefen kowane rami, ko zaren alminiyo ya cinye. Kan silinda kuma da tsari ake ɗaure shi, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, kuma a injuna da yawa dogayen ƙusoshinsa suna miƙewa idan an ɗaure, sai an auna su ko an sabunta. Garejin da ke sauke inji ba shi da sifanar awo, da ka yake aiki.

Gam: kaɗan magani, da yawa guba

Idan ka ga inji ya fito daga gyara da jan gam ko baƙi yana leƙowa ta kowace mahaɗa, to akwai abin dubawa. Yadda ya tsattsafo ta waje, haka ya tsattsafo ta ciki. Na cikin yakan gutsure ya faɗa kasko, ya taru a rariyar famfon mai ya toshe ta. Ranar da hakan ta faru, maganar ta wuce ta ɗigo: metal ya ƙone, inji ya buga, kuɗin gyara ya tafi a banza.

Inda kamfani ya ce a sa gam, siririn zare ake ja, kaurin milimita 2 zuwa 4, ba yankewa, a kewaye ramukan noti ta ciki. Fuskar ta kasance a bushe, ba ko alamar mai. A haɗa cikin ’yan mintoci kafin ya fara daskarewa, sannan a bar shi aƙalla awa biyu kafin a zuba mai a tayar, in da hali ma ya kwana. Wannan jiran ne ba a so, domin mai mota na tsaye yana duba agogo. Gaskit ɗin roba kuwa ba ya son gam sam, sai ɗan ɗigo a kusurwoyin da ƙarafa uku suka haɗu.

Sil da ƙarfen da yake runguma

Sabon sil yana yoyo saboda dalilai sanannu. Na farko, tsohon sil ya shekara yana gugar karanshaf har ya yi masa zobe. Sa farce a wurin, in ya maƙale to sabon sil ba zai kama ba, sai an saka siririn hannun riga na ƙarfe a kai, ko a ɗan gusa mazaunin sil ɗin ya hau lafiyayyen wuri. Na biyu, yadda aka saka shi: in da guduma da sukundireba aka buga, zai shiga a karkace, leɓensa ya naɗe, ko ɗan sifirin ɗin da ke cikinsa ya fita ba wanda ya lura. Na uku, irinsa: sil ɗin roba ana shafa wa leɓensa mai kafin a saka, amma na teflon da ke zuwa a wasu injunan Turai a bushe ake saka shi, a bar shi wasu awoyi kafin a juya inji. Wanda ya yi wa wannan abin da ya saba yi wa wancan ya ɓata shi tun a ranar farko.

Akwai kuma injunan da ramukan ƙusoshin fulawil suke zarcewa har cikin inji. In ba a shafa wa zarensu abin toshewa ba, mai zai biyo su, a yi ta canja sil ana mamaki.

Idan inji ya kasa numfashi

Wannan shi ne dalilin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi alaƙa da sabon ɗauri. A kowane inji, wani ɓangare na iskar ƙonewa yana kuɓuce wa ringi ya sauka ƙasa. Bututun numfashi da ɗan bawul ɗinsa na PCV su ke janye wannan iska su mayar da ita a ƙone. In bawul ɗin ya toshe da dauɗa, ko tiyon ya lanƙwashe, ko wani ya cusa masa tsohon fulogi don ya ga yana kawo mai, iskar za ta taru ta nemi mafita, ta turo mai ta kowane sil.

Alamarsa ita ce yoyo a wurare biyu ko uku lokaci guda, ko sandar awon mai ta riƙa ɗagowa da kanta. Buɗe murfin zuba mai inji na aiki: in yana huci da ƙarfi yana fitar da hayaƙi, to a bar zancen gaskit tukuna. Bawul ɗin ba shi da tsada, ya kamata a sabunta shi duk lokacin da aka sauke inji.

In numfashi lafiya yake amma hucin bai ragu ba, sai a koma kan ringi. Sabon ringi yana buƙatar a karce cikin silinda da dutsen wasa don ya sami abin kamawa. In silinda ta riga ta buɗe, ringi kaɗai ba zai rufe ta ba. Haka in an kifa ringi, ko an jera bakunansu a layi ɗaya. Yadda aka tafiyar da motar a farko ma yana da tasiri. Barin sabon inji yana aiki a tsaye na awoyi ba ya zaunar da ringi, haka nan rarrafe cikin cunkoson kasuwar Dantokpa a tsakiyar ’yan acaɓa da ake kira zemijan. Tafiya yake so mai sauyin gudu, ba lodi mai nauyi, ba taka wuta har ƙasa, sannan a juye mai da filta wajen kilomita 1,000.

Wani abin kuma mai sauƙi: ƙananan injuna da yawa kimanin lita 4 suke sha, galan ɗin mai kuwa sau da yawa lita 5 ne. Yaro ya juye shi duka don kada a yi asara, karanshaf ya riƙa dukan man yana kumfa, sil ya fara jiƙewa.

Kasuwar kayan gyara

Zargin kaya ba ƙarya ba ne. Kwalaye biyu na gaskit suna iya yin kama, ɗaya ya ninka ɗaya a farashi, bambancin yana cikin robar. Roba mai araha takan bushe ta tsage idan zafi ya wuce digiri 120, mai kyau irin Viton tana jure kusan 200. Araha ba ta ado. Sannan Kwatano mahaɗar motocin nahiyoyi ce: Corolla ’yar Turai tana iya zuwa da inji 1.4 ko 1.6 ko na gas, ’yar Amurka ta shekarar ɗaya kuma da 1.8. Wanda ya je kanti ya ce “a ba ni gaskit ɗin Corolla” bai faɗi komai ba. Da lambar inji ake sayayya, a tafi da tsohon sil a gwada.

Magungunan gwangwani masu alkawarin tsayar da yoyo kumbura tsohuwar roba suke yi na ɗan lokaci. Ba su da abin da za su yi wa sil da aka saka a karkace. Zuba mai mai kauri kuma rage ɗigon kawai yake yi, yana hana man isa lungunan sabon inji da wuri.

Wanda zai jira da wanda ba zai jira ba

Danshin da ke tara ƙura ba ya ɗiga yana iya jiran juyen mai na gaba, ana duba sanda kowace safiya. Amma man da ke sauka a kan salansa gobara yake nema. Wanda ke taɓa bel ɗin taimin zai ruɓar da shi, wanda ya shiga kuloci zai sa shi sulɓi. In jar fitilar mai ta kama, a kashe mota nan take. Mai niyyar arewa ya tuna Paraku ta haura kilomita 400 daga Kwatano, Malanbil ta haura 700, kuma ɗigon da ake rainawa a cikin gari yana ninkuwa idan inji ya yi awoyi da zafi. Wanda ya zuba a ƙasa kuma ruwan sama ne ke kwashe shi zuwa kwata, daga nan sai tafkin Nokuwe ko teku, inda masunta ke neman abinci.

Laifin wa?

Idan aka bi dalilan nan ɗaya bayan ɗaya, kusan duka suna komawa ga abubuwa uku da ake yanke hukuncinsu kafin a rufe inji: tsabta, awo da haƙuri. Ukun nan kuwa kuɗi da lokaci suke ci. Mai motar da ya matse kuɗin aiki, ya sayo kaya mafi araha da kansa, ya kafa wa gareji ƙahon zuƙa sai an ba shi mota kafin Juma’a, yana da kaso a cikin yoyon. Bakaniken da ya karɓi aikin a haka bai faɗi gaskiya ba, ya bar yaro shi kaɗai a kan aikin da ya fi muhimmanci, ya rufe aibi da gam, nasa kason ya fi girma, domin shi ne masani.

Mafita ita ce a yi magana tun ran gini. A amince wa zai sayi kaya da kuma irinsu. In bakanike ne ya zaɓa, alhakinsu na wuyansa. A nuna wa mai mota awon silinda da na kan silinda kafin a haɗa. Bayan an tayar, a zaga da motar, a wanke inji, ta kwana a gareji a kan farin kwali. A riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai an dawo juyen mai na farko an ga ƙasa a bushe. Bakaniken kirki ba ya gudun waɗannan sharuɗɗa, don su ne ke raba shi da ’yan kame-kame, kuma su ne hujjarsa ta neman kuɗin da ya fi na maƙwabcinsa. Wanda ya ƙi su kuwa, gara a gane shi tun inji bai sauka ba.